Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarihin Sunan Wata Tsoka ta Ƙugu

Gabatarwa

A cikin kalmomin da ɗalibin kiwon lafiya ke haddacewa tun shekararsa ta farko, akwai wata mai nauyin furuci da ake rubutawa *iliopsoas*. Ɗalibin da ya yi karatu a Damagaram ko Yamai yakan furta ta da lafazin Faransanci, ya fito da harafin "p" da ke tsakiyarta. Takwaransa na Kano ko Zariya kuwa haɗiye harafin yake yi, bisa al'adar Ingilishi. Dukkansu biyu Hausawa ne, amma da wuya a sami wanda zai iya faɗa wa kakarsa ma'anar kalmar da harshen da ta rene shi da shi.

Wannan maƙala ta bi sawun kalmar ne tun daga inda ta taso har zuwa ranar da ta iso ƙasar Damagaram. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, sunan da ake ganin kamar wani sirri ne na masana ya samo asali daga maganar yau da kullum ta talakawan wata ƙasa, irin maganar da manomin Guna ke yi idan ya dafa bayansa ya ce kwankwasonsa na ciwo.

Inda tsokar take da aikin da take yi

Tsokoki biyu ne suka haɗu suka sami suna guda. Ta farko doguwa ce, mai kauri a tsaka. Tana tasowa daga gefen gaɓoɓin ƙashin baya, tun daga gaɓa ta ƙarshe mai ɗauke da haƙarƙari har zuwa gaɓoɓi biyar na kwankwaso. Ba a bayan mutum take ba, inda hannu zai iya shafa ta. Tana can ciki ne, bayan hanji, kusa da ƙoda. Daga nan take gangarowa ta ratsa kwarmin ƙugu. Ta biyu faffaɗa ce, ta shimfiɗu a cikin ƙashin kwatangwalo kamar yadda tuwo ke lafewa a cikin akushi. Su biyun suna haɗuwa a ƙasan mara, su wuce ta gaban gaɓar ƙugu, su kama wani ɗan tudu da ke saman ƙashin cinya ta ɓangaren ciki. Kowane mutum yana da irin wannan haɗi a dama da hagu. Akwai kuma ta uku, ƴar siririya, wadda mutane da yawa ake haihuwarsu ba tare da ita ba, kuma rashinta ba ya rage su da komai.

Babban aikin wannan tsoka shi ne ɗaga cinya zuwa wajen ciki, kuma babu wata tsoka da ta fi ta ƙarfi a wannan aiki. Da ita mahayi ke kai ƙafa ga likkafa. Da ita ɗan kokawa ke cira ƙafa don kauce wa kamun abokin karawa. Ita ke jawo ƙafa gaba a kowane taku na mai tafiya rijiya ko gona, kuma tana cikin masu tayar da mutum zaune daga kwance a kan tabarma. Dakarun dawakin Sarki Tanimu, wanda ya mulki Damagaram har zuwa 1884, sun yi ta aiki da ita safe da yamma ba tare da sun taɓa jin sunanta ba.

Akwai kuma masu sana'ar da suka san ta ido da ido, wato mahauta. A jikin sa ko rago, ita ce doguwar tsokar nan da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, wadda ta fi kowane nama laushi domin dabba mai ƙafa huɗu ba ta wahalar da ita sosai. Ita ce Faransawa ke kira *filet*, suke kuma saye da tsada.

Asalin sunan a ƙasar Girka

Rabin kalmar na biyu, wato *psoas*, daga Girkanci ya fito. Girkawan dā suna kiran naman kwankwaso *psoa*, jam'insa kuma *psoai*, tun da biyu ne, dama da hagu. Kalma ce ta gama-gari kafin likitoci su ɗauke ta. Wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wani likita mai suna Rufus, mutumin Afisa a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta littafi sukutum a kan sunayen sassan jikin ɗan Adam. A ciki ya nuna cewa wannan tsoka tana da suna fiye da ɗaya a bakin mutane, har da wani mai ma'anar "yanyawa", dabbar dajin nan mai kama da ƙaramin kare.

Kiran tsoka da sunan dabba ba baƙon abu ba ne. Kalmar Latinanci ta tsoka, *musculus*, wadda Faransanci da Ingilishi suka gada, ma'anarta "ɗan ɓera", saboda yadda ƙwanji ke motsi ƙarƙashin fata kamar ɓera a cikin buhu. A Larabci ma *adala*, wato tsoka, tushenta ɗaya da wani tsohon suna na gafiya.

Rabin kalmar na farko kuwa daga Latinanci yake. Rumawa suna kiran kwiɓi *ilia*, sai aka kira faffaɗan ƙashin da ke ƙarƙashinsa *os ilium*, wato "ƙashin kwiɓi". Saboda haka idan aka warware kalmar nan mai ban tsoro, abin da ta ƙunsa bai wuce "ta kwiɓi da kwankwaso" ba. Maƙwabtanta ma haka suke. *Pelvis*, sunan kwarmin ƙugu, ma'anarsa tasa ko daro. *Acetabulum*, ramin da kan ƙashin cinya ke juyawa a ciki, sunan ɗan ƙoƙon da Rumawa ke zuba ruwan tsami ne a wurin cin abinci. Masana na farko kayan ɗakin girki suka duba suka raɗa wa ƙasusuwa suna.

Zangon Bagadaza

Wanda ya fi kowa tasiri a ilimin sassan jiki na zamanin dā shi ne Jalinusu, wanda Turawa ke kira Galen, haifaffen shekara ta 129. Yawancin abin da ya rubuta a kan tsokoki daga fiɗar birai da wasu dabbobi ya samo shi, domin al'adar zamaninsa ba ta yarda da fiɗar gawar mutum ba. Duk da haka littattafansa sun yi sarauta fiye da shekara dubu.

A ƙarni na 9, Hunainu ɗan Ishaƙa (809–873) da almajiransa suka juya littattafan Jalinusu zuwa Suryananci da Larabci a Bagadaza. Aikinsu ya kai matsayin da kashin ƙarshe na babban littafin Jalinusu kan hanyoyin fiɗa ya ɓace a Girkanci, a fassarar Larabci kaɗai ya tsira. Abin lura a nan shi ne yadda suka yi da sunaye. Inda Larabci ke da kalma, sun yi amfani da ita. Inda babu, sun ƙirƙira ko sun ara. Ibn Sina (980–1037), a cikin littafinsa *Al-Ƙanun fi al-Ɗibb*, ya kira tsokokin nan biyu na cikin kwankwaso da *matnani*, daga *matn*, kalmar da Balaraben ƙauye ya sani da ma'anar gadon baya. Larabcin likitanci na yau yana kiran haɗaɗɗiyar tsokar *harƙafiyya ƙaɗaniyya*, wato dai ta kwatangwalo da kwankwaso. A ƙarni na 12 aka fassara littafin Ibn Sina zuwa Latinanci a birnin Toledo na Andalus, ya zama littafin karatu a jami'o'in Turai na tsawon ƙarnoni.

Daga lamba zuwa suna

A shekarar 1543 Andreas Vesalius ya buga babban littafinsa kan ginin jikin ɗan Adam a birnin Bazel na ƙasar Suwizalan. Shi gawar mutum ya feɗe da hannunsa, ya gyara kurakuran Jalinusu masu yawa. Sai dai bai raɗa wa yawancin tsokoki suna ba, lamba ya ba su. A lissafinsa na tsokokin da ke motsa cinya, ta kwankwaso ita ce ta shida, ta kwatangwalo kuma ta bakwai. Matsalar lamba ita ce, kowane malami da inda yake fara ƙirga, sai ta shidan wani ta zama ta biyar ɗin wani.

Wannan ne ya sa malaman birnin Faris suka koma ga raɗa suna. Ana danganta shigar *psoas* cikin littattafan likitanci ga Jean Riolan ƙarami (1580–1657). A nan ne kuma aka yi wani tuntuɓen nahawu. A Girkanci *psoas* siffar jam'i ce, wadda kalmar ke ɗauka idan aiki ya faɗa kanta. Malaman ƙarni na 17 suka ɗauke ta a matsayin tilo, kamar baƙon da ya ji ana cewa "shanu" ya ɗauka sunan saniya guda ne. Haka ma *ilium*: asalinta siffar mallaka ce ta jam'i, daga baya aka mayar da ita sunan ƙashin kansa. Masana harshe sun yi ta ƙorafi, amma baki ya riga ya saba. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma ya haɗiye "al" ta Larabci a cikin alƙalami da alƙali da albasa, kuma babu mai cewa waɗannan ba Hausa ba ne.

A 1789 wani likitan Faransa, François Chaussier, ya kawo tsari mai ma'ana ƙwarai: a kira kowace tsoka da inda ta taso da inda ta kama. A tsarinsa, tsokar kwankwaso ta zama *prélombo-trochantinien*. Sunan ya faɗi gaskiya, amma ya fi ƙarfin harshe, don haka bai sami karɓuwa ba. Gajeren suna mai kuskure ya kayar da dogon suna marar kuskure.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, sunayen sassan jiki sun kai dubun-dubata, sashe guda yana amsa suna biyar ko shida. A 1895 masana na ƙasashen da ke magana da Jamusanci suka taru a Bazel suka tace su zuwa kimanin 5,000, bisa ƙa'idar suna ɗaya ga sashe ɗaya. A wannan jeri *iliopsoas* ta sami kujerarta. An sake bitar jerin a Faris a 1955, sannan a 1998 aka fitar da *Terminologia Anatomica* mai kalmomi kimanin 7,500, wadda aka sabunta a 2019. Masu wannan aiki sun bayyana cewa jerin Latinanci tushe ne da kowace al'umma za ta gina jerin harshenta a kai. Jamusawa suna da nasu sunan na wannan tsoka da kalmominsu na gida. Japanawa ma haka; tun a 1774, da Sugita Genpaku da abokansa suka fassara wani littafin fiɗa daga harshen Holan, suka ƙirƙiro *shinkei* don jijiyar da ke ɗaukar saƙo, kalmar da ake amfani da ita har yau.

Isowar sunan ƙasar Damagaram

Kafin zuwan Turawa, sanin jiki a Damagaram rarrabe yake a hannun masu sana'a. Maɗori ya san ƙashi da gaɓa, wanzami ya san fata da jini, ungozoma ta san mara da ƙugun mace, mahauci ƙarƙashin Sarkin Fawa ya san kowace tsoka da inda ta kama. Malamai kuma suna da littattafan ɗibbu na Larabci. Kowane rukuni da kalmominsa, ana gadonsu baki da baki.

Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka mayar da ita hedikwatar mulkinsu har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Da su ne likitancin asibiti ya shigo, kuma da Faransanci ya shigo. A 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar don horar da ƴan Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, inda aka koyar da wannan tsoka da sunan *psoas-iliaque*. A kudancin iyaka kuwa Ingilishi ne ya yi wannan aiki. Iyakar da ta raba Damagaram da Daura ta raba har da yadda ake kiran abin da ke cikin jikin Bahaushe.

Ba a ce ba a tattara kalmomin Hausa ba. Landeroin da Tilho, waɗanda suka yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, sun wallafa ƙamus na Hausa da Faransanci. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tara kalmomi kimanin 39,000, na Abraham ya biyo baya a 1949, sannan Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. A fannin koyarwa, a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973. Sai dai ƙamus yana adana kalma ne kamar yadda ya same ta, makarantun gwaji kuma a matakin firamare suka tsaya. Zaman da aka yi a Bagadaza da Bazel, na zaɓar kalma ɗaya a ɗora mata ma'ana ɗaya tabbatacciya, shi ne bai kankama ba.

Abin da Hausa ke da shi

Hausa ba matalauciya ba ce a wannan yanki na jiki. Akwai ƙugu, akwai kwankwaso, akwai tsatso, akwai kwiɓi, akwai kwatangwalo, akwai katara, akwai mara, akwai matsematsi, akwai cinya, akwai ɗuwawu. A cikin ƙashi da kewayensa akwai ɓargo da laka da guringuntsi. Wasu ma sun zarce jiki sun shiga hikima: ana cewa wane ya fito daga tsatson wane, ana kuma cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Bambancin shi ne, waɗannan kalmomi wurare suke nunawa, kamar yadda ido ke ganinsu daga waje, kuma iyakokinsu suna shiga juna. Abin da wani ya kira ƙugu, wani kwankwaso zai ce. Ilimin fiɗa kuwa abin da ke ƙarƙashin fata yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Kalmar jijiya ita ce babban misali: da ita ake kiran hanyar jini, da ita ake kiran mai ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa, da ita kuma ake kiran igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi. Wannan ba aibin Hausa kaɗai ba ne. *Neuron* ta Girkanci ta daɗe tana nufin igiyar tsoka kafin a keɓe ta ga mai ɗaukar saƙo. Kowane harshe daga nan ya faro.

Idan aka bi sawun Hunainu, ana iya kiran doguwar tsokar "tsokar cikin kwankwaso", faffaɗar kuma "tsokar cikin kwatangwalo". Haɗinsu ana iya kiransa da aikinsa, a ce "tsokar ɗaga-cinya". Darasin Chaussier yana gargaɗin kada sunan ya yi tsawo. Darasin Riolan kuma yana nuna cewa sunan da jama'a suka karɓa ya fi wanda nahawu kaɗai ya yarda da shi.

Dalilin da ya sa batun ya wuce gardamar masana

Wani zai ce, mene ne ruwan manomin Guna da sunan tsokar da ba zai taɓa gani ba? Amsar tana ɗakin duba marasa lafiya. A 1779 likitan Landan Percivall Pott ya bayyana ciwon da ke cin ƙashin baya har ya karya shi ya bar mutum da ƙusumbi, wanda daga baya aka gane ƙwayar tarin fuka ce ke haddasa shi. Mugunyar da ke taruwa a ƙashin takan bi kuben wannan tsoka ta gangaro, har ta fito a matsayin kumburi a saman cinya, nesa da inda ciwon ya faro. A ƙasashe masu zafi kuma, ƙurji yakan taso a cikin tsokar kanta, musamman ga yara. Alamarsa sananniya ce: zazzaɓi, ɗingishi, da naɗe cinya, domin miƙe ta yana jan tsokar da ta kumbura. Haka kuma, da yake ɗan reshen hanjin nan da ake kira afendis yakan kwanta a kan tsokar ta dama, likita yakan ja cinyar majiyyaci baya don ya gwada ko shi ne ya kumbura.

Yaron da aka kawo daga ƙauye yana ɗingishi, iyayensa za su ce ƙugu ne, ko sanyi ne, ko targaɗe ya yi wajen wasan langa. Sau da yawa maɗori ne zai fara ganinsa. Ma'aikacin lafiya ya san abin da yake zargi, amma da Faransanci ya san shi. Idan ba shi da kalmomin da zai nuna wa uba cewa ciwon yana can ciki, cewa daga ƙashin baya yake gangarowa, cewa matsa da ɗauri ba za su kai gare shi ba, to uban zai koma gida da abin da ya fahimta. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a irin wannan ciwo jinkiri na iya barin yaro da nakasa.

Kammalawa

Kalmar *iliopsoas* ta yi tafiyar kusan shekara dubu biyu kafin ta zauna. Ta faro daga bakin talakawan Girka da Rum, ta ya da zango a Bagadaza, ta yi tuntuɓe a Faris, aka ɗaura mata rawani a Bazel. A kowane zango mutane ne suka zauna suka yanke shawara. Aro ba laifi ba ne. Da aro Hausa ta sami asibiti da likita da allura. Laifin yana ga aron da mai shi bai san abin da ya ara ba.

A shekarar 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Takarda ta ba da dama, amma ba takarda ke raɗa wa tsoka suna ba. Jami'ar Zinder tana da sashen kimiyyar lafiya, garin yana da mahauta da maɗora da ungozomomi waɗanda har yanzu ke riƙe da kalmomin iyayensu, ƙauyuka irin su Guna kuma suna da tsofaffin da ba su gauraya Hausarsu ba. Abin da ke gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne su tattara waɗannan kalmomi tun masu su na raye, su kai su gaban likitoci da masana harshe na ɓangarorin iyaka biyu, a zauna a tace, a buga jeri guda da za a koyar a Damagaram da Kano baki ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sashe ɗaya na jiki, kamar ƙugu, ya isa a fara da shi.